Sauƙaƙa wa majiyyaci yayin gwajin jijiya da tsoka

Sauƙaƙa wa majiyyaci yayin gwajin jijiya da tsoka shi ne matakan da likitoci da ma'aikatan asibiti ke ɗauka domin rage zafi, tsoro da takura ga mutumin da ake auna lafiyar jijiyoyinsa da tsokokinsa da na'urar lantarki. Gwajin kashi biyu ne da akan yi a zama ɗaya. Na farko shi ne gwajin gudun saƙo a jijiya, wanda ake taƙaita sunansa da NCS, inda ake tsikarar jijiya da ɗan bugun lantarki ta saman fata. Na biyu shi ne ilektiromayogirafi, ko EMG a taƙaice, inda ake soka siririyar allura a cikin tsoka don a ɗauki lantarkin da tsokar ke fitarwa da kanta. Haɗarin gwaje-gwajen biyu kaɗan ne, amma dukansu suna da ɗan ciwo.

Gwajin ya bambanta da ɗaukar hoton ƙashi ko ɗibar jini, domin ba ya yiwuwa sai da haɗin kan wanda ake yi wa. Ana buƙatar ya saki jikinsa gaba ɗaya a wani lokaci, ya kuma motsa tsoka daidai gwargwado a wani lokacin. Wanda ke cikin tsoro, ko yake jin sanyi, ko ya ɗaure jikinsa saboda zafi, yakan ba da sakamako mai ruɗarwa, wani ma yakan tashi kafin a gama. Saboda haka masana fannin ke ɗaukar natsuwar majiyyaci a matsayin wani ɓangare na ingancin gwajin.

Jijiyoyin da ake aunawa

A Hausa kalmar jijiya tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya: akwai jijiyar jini, akwai agara, akwai kuma jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa, laka da sauran jiki. Wannan ta ƙarshe ce ake aunawa. Wasu zaruruwanta suna kai umarnin motsi zuwa tsoka, wasu kuma suna dawo da saƙon taɓawa, zafi da sanyi daga fata.

Likita kan tura mutum gwajin idan yana fama da sagewar hannu ko ƙafa, minjirya da ba ta sakinsa, raunin gaɓa, ko ramewar tsoka. Daga cikin larurorin da ake tantancewa da shi akwai matsewar jijiya a wuyan hannu, lalacewar jijiyoyin ƙafa sakamakon ciwon suga, dannewar tushen jijiya a wuya ko a gadon baya, raunin jijiya bayan haɗarin mota ko karaya, ciwon Guillain-Barré, ciwon mayasteniya mai sa tsoka saurin gajiya, da cututtukan tsoka na gado. Gwajin yana auna manyan zaruruwa ne kawai, don haka mai ciwon ƙananan zaruruwa na iya samun sakamako mai kyau alhali yana jin zafi na gaske.

Tarihi

A shekarar 1791 Luigi Galvani na birnin Bologna a Italiya ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa lantarki na sa tsokar ƙafar kwaɗo motsi. A 1850 Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna saurin saƙo a jijiyar kwaɗo, ya nuna cewa saƙon yana ɗaukar lokaci kafin ya isa, kuma ana iya ƙidaya lokacin.

Batun rage wa majiyyaci wahala ya taso tun farkon amfani da lantarki a jikin mutum. A farkon ƙarni na 19 akan soka allurai a jiki sannan a tura lantarki ta cikinsu, abin da ke da zafi ƙwarai. Likitan Faransa Guillaume Duchenne ya ɓullo da hanyar tsikarar tsoka ɗaya-ɗaya ta saman fata, da ƙarafa masu danshi a baki, ba tare da huda jiki ba, ya kuma wallafa littafi a kan haka a 1855.

A 1929 Edgar Adrian na Ingila da Detlev Bronk na Amurka suka ƙirƙiro allura mai siririyar waya a tsakiyarta, wadda ke ɗaukar lantarkin ƙaramin rukunin zaruruwan tsoka. Irinta ce ake amfani da ita har yau. Adrian ya samu kyautar Nobel a 1932 tare da Charles Sherrington, sannan Joseph Erlanger da Herbert Gasser suka same ta a 1944 saboda aikinsu a kan nau'o'in zaruruwan jijiya. A 1948 Robert Hodes da abokan aikinsa suka wallafa ma'aunin gudun saƙon motsi a jijiyoyin mutane, a 1956 kuma George Dawson na Ingila ya nuna yadda ake ɗaukar saƙon jijiyar ji ta saman fata. Fritz Buchthal a Denmak ya kafa ƙa'idojin auna siginar tsoka da alƙaluma. Daga baya allurai suka ƙara sirancewa, aka koma ga waɗanda ake amfani da su sau ɗaya a yar, kwamfuta kuma ta rage yawan bugun da ake maimaitawa kafin a samu sakamako.

Abin da majiyyaci ke ji a gwajin gudun saƙo

Akan fara da wannan gwajin. Ana liƙa ƙananan faya-fayai masu ɗaukar sigina a kan tsoka ko a kan hanyar jijiya, sannan a ɗora na'urar tsikara mai baki biyu a wani wuri, misali wuyan hannu, gwiwar hannu, idon sawu ko bayan gwiwa. Kowane bugu gajere ne ƙwarai, yawanci kashi 1 ko 2 cikin 10,000 na daƙiƙa. Ƙarfinsa yakan kama daga miliyamfiya 5 zuwa 30 a jijiyar ji, da miliyamfiya 20 zuwa 50 a jijiyar motsi, iyakar yawancin na'urori kuma miliyamfiya 100 ce. Idan aka tsikari jijiya a wurare biyu, aka auna tazarar da ke tsakaninsu da bambancin lokacin amsa, sai a fitar da saurin saƙon. A lafiyayyen baligi saurin yakan wuce mita 50 a daƙiƙa a hannu, da mita 40 a daƙiƙa a ƙafa.

Majiyyaci kan ji kamar an ɗana masa roba a fata, yatsu ko ƙafa kuma su zabura ba da nufinsa ba. Zafin yana gushewa nan take. Ya fi tsanani a inda jijiya ta yi zurfi, kamar bayan gwiwa da saman ƙashin wuya, domin a nan sai an ƙara ƙarfin bugun kafin ya isa gare ta. Dole ne mai gwajin ya riƙa ƙarawa har amsar tsoka ta daina girma, sannan ya ɗan ƙara kusan kashi 20 cikin 100 don ya tabbatar duk zaruruwan sun amsa. Idan ya tsaya ƙasa da haka don tausayi, sakamakon zai nuna rauni a jijiyar da ba ta da komai.

Abin da majiyyaci ke ji a gwajin allura

Allurar EMG ba ta zuba magani, ba ta zuƙar jini, ba ta kuma tura lantarki cikin jiki. Aikinta ɗaukar sigina ne kawai. Kaurinta yawanci bai kai rabin milimita ba, wato ta fi allurar ɗibar jini siranta, tsawonta kuma yakan kama daga milimita 25 zuwa 75 gwargwadon zurfin tsokar. Iri biyu aka fi sani: mai waya a tsakiya, da kuma mai baki ɗaya wadda aka lulluɓe jikinta da Teflon.

Ana duba kowace tsoka a yanayi biyu. Da farko majiyyaci zai saki jiki, mai gwajin ya riƙa matsar da allurar kaɗan-kaɗan zuwa sassa daban-daban na tsokar. Lafiyayyar tsoka da ke hutawa shiru take. Wadda jijiyarta ta yanke kuwa tana fitar da ƙananan sigina da ake ji a lasifika kamar yayyafi a kan rufin kwano. Bayan haka sai a ce ya motsa tsokar a hankali, ya riƙa ƙara ƙarfi, a duba siffar siginar da yawanta a allon kwamfuta.

Zafin iri biyu ne: tsinin huda fata, wanda ba ya daɗewa, da wani ciwo mai zurfi idan allurar na motsi a cikin tsoka. Ƙananan tsokokin tafin hannu da na tafin ƙafa sun fi manyan tsokoki kamar na kafaɗa ciwo. Yawan tsokokin da za a duba ya danganta da abin da likita ke nema. Gwajin duka yakan ɗauki minti 30 zuwa 90.

Yadda rashin natsuwa ke ɓata sakamako

Sanyi shi ne babban abin da ke gurɓata gwajin gudun saƙo. Duk digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyas da zafin gaɓa ya sauka, saurin saƙon yakan ragu da kimanin mita 1.5 zuwa 2.5 a daƙiƙa. Hannun da ya yi sanyi da digiri huɗu ko biyar zai iya kama da na mai ciwon jijiya, har a ɗora wa mai lafiya cutar da ba shi da ita. Shi ya sa ake auna zafin fata kafin a fara, ana neman kusan digiri 32 ko sama a hannu, da digiri 30 ko sama a ƙafa. Idan bai kai ba sai a ɗumama gaɓar da ruwan ɗumi, fitila mai zafi ko ƙunshin ɗumi na wasu mintuna, domin naman ciki ya fi fata jinkirin ɗaukar zafi.

Ɗaure jiki ma yana da tasa illar. Siginar jijiyar ji ƙarama ce ƙwarai, ana auna ta da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, kuma motsin tsokar da ke kusa ya isa ya binne ta. A gwajin allura, idan tsoka ba ta saki ba, ba za a iya gane ko tana da irin siginar nan ta yayyafi ba, alhali ita ce shaidar cewa jijiya ta yanke. Haka kuma wanda zafi ya hana shi matse tsoka da ƙarfinsa zai nuna sigina kaɗan, wadda mai ƙarancin ƙwarewa zai iya ɗauka rauni ne na cuta.

Illa ta uku ita ce gwajin da ba a kammala ba. Idan majiyyaci ya ce a tsaya tun ba a duba tsokar da ta fi muhimmanci ba, likita ba zai samu amsar da zai yanke shawarar tiyata ko magani da ita ba, kuma wanda ya sha wahala a karon farko da wuya ya yarda ya dawo.

Kafin gwaji

Bincike da aka yi a asibitoci daban-daban ya nuna cewa mutane da yawa kan zo da tsammanin zafin da ya fi wanda suke ji a zahiri, kuma masu yawan fargaba sun fi kukan zafi. Don haka bayani shi ne mataki na farko. Ana so a faɗa wa majiyyaci, da harshen da yake ji, abin da za a yi, tsawon lokacin da zai ɗauka, irin abin da zai ji, da kuma cewa yana da ikon neman hutu ko a dakata a kowane lokaci. Ba a so a ce masa babu zafi ko kaɗan, domin da zarar ya ji bugun farko zai daina yarda da sauran bayanin. Masu gwaji da dama kan kauce wa kalmomi masu firgitarwa, su ce tsikari a maimakon shokin.

Shirin da ake buƙata daga majiyyaci ba shi da yawa:

- Ya yi wanka, amma kada ya shafa mai, basilin ko man kaɗanya a gaɓar da za a gwada, domin maiƙo na hana faya-fayan liƙewa, ya kuma sa a ƙara ƙarfin bugu.
- Ya sa tufafi masu faɗi da za a iya naɗewa har kafaɗa ko cinya, ya cire agogo, zobe da awarwaro.
- Ya ci abinci kamar yadda ya saba. Gwajin ba ya buƙatar zama da yunwa, kuma mai yunwa ya fi saurin jin jiri.
- Ya sanar da likita idan yana shan maganin tsinka jini, ko yana da ciwon rashin tsayawar jini, ko an dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya.
- Kada ya daina shan wani magani sai da umarnin likita. Masu ciwon mayasteniya ne akan ce su jinkirta maganinsu na wasu sa'o'i kafin wani nau'in gwajin.

Zaɓen lokacin gwaji ma yana rage wahala. Bayan jijiya ta ji rauni, ɓangarenta na ƙasa yakan ci gaba da amsawa na wasu kwanaki, ba ya gama lalacewa sai bayan kwana 7 zuwa 11, siginar yankewar jijiya kuma ba ta bayyana sosai a tsoka sai bayan mako 2 zuwa 3. Wanda aka yi wa gwajin tun kafin wannan lokaci yakan buƙaci a sake masa.

Dabarun rage zafi lokacin gwaji

Yawancin abin da ke rage zafi yana hannun mai gwajin. Idan ya fara da jin tarihin ciwon da duba majiyyaci, zai san jijiyoyi da tsokokin da suka wajaba, ya bar waɗanda ba su da amfani. Akan fara da abin da ya fi muhimmanci, don ko an tsaya a tsakiya a samu amsa.

A gwajin gudun saƙo, ana fara bugu daga ƙasa sosai a riƙa ƙarawa a hankali, a kuma sanar da majiyyaci kafin kowane bugu, domin bugun ba-zata ya fi ciwo. Da zarar amsa ta fara bayyana, mai gwajin kan ɗan gusar da na'urar hagu da dama har ya samu daidai kan jijiyar, inda ƙaramin bugu ya wadatar. Goge fata da kyau da danna na'urar sosai su ma suna rage ƙarfin da ake buƙata. A gwajin maimaita bugu da ake yi wa masu mayasteniya, bugu 2 ko 3 a daƙiƙa ake yi, wanda yawancin mutane ke iya jurewa. Bugu mai sauri na 20 zuwa 50 a daƙiƙa yana da zafi ƙwarai, don haka idan majiyyaci na iya motsi sai a maye gurbinsa da matse tsoka iya ƙarfi na daƙiƙa 10, wanda ke ba da irin wannan bayanin.

A gwajin allura dabarun da aka fi sani su ne:

- Miƙe fata da yatsu a soka allurar da sauri, maimakon a tura ta a hankali.
- Matsar da allurar taƙi kaɗan, kamar rabin milimita zuwa milimita ɗaya, domin manyan motsi sun fi ciwo.
- Janye allurar daga mahaɗar jijiya da tsoka. Wannan wuri yana da wani irin ƙugi a lasifika da mai gwaji ke ganewa, kuma taɓa shi na jawo ciwo mai zurfi.
- Kauce wa agara da fatar ƙashi.
- Ja da allurar baya zuwa ƙarƙashin fata kafin a ce majiyyaci ya matse tsoka da ƙarfi, don kada tsokar ta lanƙwasa ta.
- Tsunkule ko ɗan buga fatar da ke kusa daidai lokacin sokawa.

Dabarar ƙarshe ta dace da bayanin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka gabatar a 1965, cewa saƙon taɓawa da ke shiga laka yana iya rage wucewar saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ne dalilin da ya sa mutum ke murza wurin da ya buge.

Kwanciya ma tana da tasiri. An fi son majiyyaci ya kwanta maimakon ya zauna, a tallafe gaɓar da matashi don tsokar ta saki da kanta. Idan za a duba tsokokin gefen ƙashin baya, akan sa shi ya kwanta a gefe ɗaya ya naɗe gwiwoyi, ko ya yi rub da ciki a sa matashi a ƙarƙashinsa. Hira, numfashi a hankali, kiɗa ko karatun da mutum ya zaɓa suna ɗauke hankali. Wasu kuma sukan fi natsuwa idan an nuna musu allon an bayyana musu sautin da suke ji, domin sautin kansa na taimaka musu su gane ko sun saki tsokar. Rufe jiki da mayafi, buɗe wurin da ake aiki kaɗai, da barin wata ma'aikaciya ko 'yar'uwa a ɗakin idan mace ce ake gwadawa, duk suna cikin ƙa'idojin aiki.

Magungunan kashe zafi

Ba a saba ba manya maganin barci ko na kashe jiki don wannan gwaji ba, saboda ana buƙatar su motsa tsoka idan an umarce su. Akwai man shafawa mai ɗauke da lidoken da firiloken, wanda aka fi sani da sunan EMLA, da ake shafawa kusan awa ɗaya kafin gwaji. Yana kashe zafin huda fata, amma ba ya isa cikin tsoka, inda mafi yawan ciwon yake, kuma sai an san wuraren da za a soka tun da wuri. Akwai kuma feshin sanyaya fata da ke aiki na 'yan daƙiƙu. Wasu likitoci kan yarda majiyyaci ya sha maganin ciwon jiki na yau da kullum kafin ya zo. Ba a yi wa tsokar da za a gwada allurar kashe zafi, domin maganin na iya sauya siginar da ake nema.

A wasu larurori, kamar matsewar jijiya a wuyan hannu, hoton sikanin na nuna kumburin jijiyar ba tare da wani zafi ba. Yana taimaka wa gwajin lantarki, wani lokaci ya rage yawan abin da za a yi, amma siffar jijiya yake nunawa, ba ya auna aikinta.

Yara da masu larura ta musamman

Jijiyoyin jariri suna kai saƙo da kusan rabin saurin na baligi, sai yaro ya kai shekara 3 zuwa 5 saurin ke daidaita, don haka ma'aunin yara daban ne. Akan bar ƙaramin yaro a cinyar mahaifiyarsa, a taƙaita gwajin ga jijiyoyi da tsokoki kaɗan, a yi amfani da allura mafi siranta. Wasu masu gwaji kan fara ɗora na'urar a hannun uwa ko uba don yaron ya gani. Idan ya zama dole a sa yaro barci, gwajin gudun saƙo da duban tsoka a hutu suna yiwuwa, amma ba za a iya duba motsin ganganci yadda ya kamata ba, kuma ba a amfani da maganin da ke sassauta tsoka.

Masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin da asfirin galibi ana yi musu gwajin ba tare da sun daina shan maganin ba. Mai gwajin kan duba sakamakon gwajin jininsu, ya kauce wa tsokoki masu zurfi da ba a iya dannewa, ya kuma daɗe yana danne wurin bayan cire allura. Ga masu na'urar daidaita bugun zuciya da aka dasa a ƙirji, gwajin gaɓoɓi ba ya cutarwa a mafi yawan lokuta, amma ana nisantar yin bugu kusa da na'urar. Masu ciwon suga da ƙafarsu ta sage suna iya ƙonewa ba su ji ba, don haka ma'aikaci ne ke gwada zafin ruwan ɗumamawa. Ba a soka allura ta wurin da fata ke da miki ko maruru.

Bayan gwaji

Yawancin mutane kan koma harkokinsu a ranar. Tsokar da aka soka tana iya yin tsami na kwana ɗaya ko biyu, ko jini ya ɗan kwanta a ƙarƙashin fata. Wasu kan ji jiri ko su suma saboda tsoron allura, wanda shi ma dalili ne na yin gwajin a kwance. Kamuwa da ƙwayar cuta ba kasafai yake faruwa ba idan allurar sabuwa ce, kuma majiyyaci na da haƙƙin ganin an buɗe ta daga ledarta a gabansa. Haɗarin da ya fi tsanani, ko da yake da wuya ya auku, shi ne allura ta taɓa huhu iska ta shiga ƙirji, lokacin da ake duba tsokokin da ke jikin haƙarƙari ko tantanin numfashi. A irin waɗannan wurare akan yi amfani da sikanin don ganin inda allurar ta nufa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi bayan gwaji, ko wurin ya kumbura yana zafi, ya kamata ya koma asibiti nan da nan. Idan za a yanki ɗan naman tsoka don bincike, ana zaɓar wadda allura ba ta taɓa ba.

A Najeriya da Nijar

Na'urorin gwajin da ƙwararrun da ke sarrafa su sun fi samuwa a manyan asibitocin birane, don haka majiyyata da yawa kan yi doguwar tafiya su kashe kuɗi kafin su isa. Wannan ya sa kammala gwaji a zama ɗaya ke da muhimmanci. Baya ga ciwon suga da raunin haɗarin hanya, gwajin na da amfani wajen duba jijiyoyin da kuturta ta taɓa, da kuma yaran da ƙafarsu ta shanye bayan allurar ɗuwawu ta sami babbar jijiyar ƙafa, inda sakamakon ke nuna ko jijiyar na farfaɗowa.

Lokacin hunturu yana kawo matsala biyu a tare: hannuwa da ƙafafu kan yi sanyi da safe, musamman ga wanda ya zo a kan babur, mutane kuma sukan yawaita shafa mai saboda kaushi da faso. Na'urar sanyaya ɗaki ma tana iya sanyaya gaɓa a lokacin zafi. Akwai kuma tsoron lantarki, domin da yawa suna kwatanta gwajin da jan wutar gida. Wutar gida tana gudana ne ba yankewa muddin mutum na riƙe da waya, bugun gwaji kuwa an ƙayyade ƙarfinsa, yana ƙarewa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma yana tsayawa ne tsakanin bakunan na'urar biyu da ke kan fata. Bayyana wannan bambanci da Hausa, ko da harshen da majiyyaci ya fi ji, yana daga cikin abubuwan da ma'aikata ke yi kafin su liƙa faifan farko.